Binciken da Bai Ambaci Suna Ba

A wani daji mai tafki ɗaya tak, Tautau ya saƙa zare daga bishiya zuwa bishiya, har ya zamana duk wanda ya raɗa wa zaren magana, dajin gaba ɗaya zai ji. Da farko abin ya yi daɗi, domin ta nan ake sanar da zuwan shirwa. Amma magana zarar bunu ce. Ba a daɗe ba labari ya bi zaren cewa an zuba guba a tafki. Ƙananan dabbobi suka koma shan ruwa a wani rafi mai nisa, ta hanyar da ta ratsa ƙofar kogon Kura, kuma ba duk wanda ya tafi ba ne ya dawo.

Majalisar daji ta zauna, ta naɗa Malama Hawainiya, mai ido biyu da ke kallon gabas da yamma a lokaci guda, ta binciko tushen ƙaryar. Aka kuma yanke cewa duk wanda ya ƙi amsa tambaya za a tsinke zarensa.

Fakara ba ta yarda da wannan aiki ba tun ranar farko. Tana kwance a kan ƙwai cikin ciyawa, ba ta da ƙofa, ba ta da ƙaho, tsaronta ɗaya a duniya shi ne babu wanda ya san inda take. Sai dai kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, in aka tsinke mata zare wa zai gargaɗe ta?

Ta samu Hawainiya a bakin hanya ta ce, “Malama, ki tambaye ni a nan mana.”

Hawainiya ta ce, “Ba haka ƙa'idar aikin take ba, 'yar'uwa. Dole in ga inda zare ya iske ki, da wanda kike maƙwabtaka da shi, da lokacin da kike fita kiwo. Ki kwantar da hankalinki, ba ma ambatar sunan kowa. Wannan alkawari ne na masu ilimi.”

“Kogon Kura fa, kin shiga? Muryar da na fara ji da labarin nan tana da kauri, har da 'yar dariya a ƙarshe.”

Hawainiya ta ɗan sauya launi. “Na aika neman izini. Masu koguna sun ce gidajensu na da alfarma, ni kuma ba na rubuta abin da ban gani da idona ba.”

Zuciyar Fakara ba ta kwanta ba, amma ta kai ta inda ƙwanta suke. Gaskiya Hawainiya ba muguwa ba ce. Ta yi tambayoyinta cikin ladabi, ta auna tsawon ciyawa, ta yaba kyawun ƙwan, ta tafi da tafiyarta ta rangwaɗa.

Ranar bayyana sakamako dajin ya cika. Fakara ta rufe ƙwanta da busasshen ganye ta zo, ta raɓe a baya. Abin da ya fara damunta shi ne ganin Guza mai shan ƙwai, wanda bai taɓa zuwa taron ilimi ba, a sahun gaba, ya kasa kunne kamar ɗalibi mai neman albarka.

Hawainiya ta gaida Zaki ta fara: “Ranka ya daɗe, 'yan majalisa, mun saurari mazauna ciyawa da rassa, kuma a cikinsu muka sami duk masu yaɗa labarin. A koguna ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Saboda haka ƙarya cuta ce ta ƙananan dabbobi. Ga misali, wata baiwar Allah, wadda amana ta hana mu faɗin sunanta. Tsuntsuwa ce mai kwana a ƙasa, tana kan ƙwai a yanzu, a gindin wata aduwa da tsawa ta tsaga, yamma da tsohon suri. Takan fita kiwo da hantsi. Ita kaɗai ta maimaita labarin ga maƙwabta da yawa.”

Kura ta gyaɗa kai ta ce, “Madalla da ilimi. Ni dai na daɗe ina zargin haka.”

Fakara ta gane makwancinta ake kwatantawa. Aduwar da tsawa ta tsaga ɗaya ce a dajin nan, ko ɗan jiya ya san ta. Ta ɗaga wuya ta duba sahun gaba, wurin Guza babu kowa.

Ta tashi da gudu da firiya, tana faɗuwa tana tashi. Ta tarar an ture ganyen gefe, ɓawo a warwatse, ga sawun jela a kan ƙasa. Ta tsaya a nan tana kallo, baƙin ciki ya hana ta ko kuka.

Da ta koma ta tari Hawainiya, sai Malamar ta yi jimami sosai, ta ce, “Allah ya ba ki haƙuri. Amma ki shaide ni, 'yar'uwa, na faɗi sunanki?”

Fakara ta dube ta ta ce, “Ba ki faɗa ba, Malama.”

A ranar ta tsinke zarenta da bakinta, ta shige can cikin ƙaya. Maƙwabtanta da suka ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta, su ma suka shafa wa nasu ruwa, kowa ya ja bakinsa.

Da damina ta kewayo majalisa ta karrama Hawainiya, domin bincike na biyu ya tabbatar da cewa a ɓangaren ciyawa ba a ƙara jin ƙarya ko ɗaya ba.