Auren da Kure Ya Hana a Tashar Baƙin Tsuntsaye

A wani daji da ke bakin babban kogi, an daɗe ana da gidan talabijin ɗaya tilo, na masu ƙafa huɗu. Da safe a nuna Zaki yana barci, da rana a nuna shi yana hamma, da la'asar a tara masana su tattauna hikimar da ke cikin hammar. Duka kuma da harshen dawa ake yin su. Su kuwa baƙin tsuntsaye, shamuwa da tsattsewa da 'yan uwansu masu zuwa da damina daga ƙetaren kogi, harshensu Ƙetaranci, ba a taɓa jin sa a talabijin ba sai ranar da aka kama ɗayansu da satar gero yana ba da haƙuri.

Abin ya daɗe yana cin wata tsohuwar shamuwa mai suna Iya Tabawa. Wata shekara ta samo fasasshen madubi a wurin Hankaka, wanda bai faɗi inda ya samo shi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta rataya babban ɓangaren a jikin kuka, ta rarraba ƙananan a rassan itatuwan da baƙi ke sauka. Da ranar la'asar ta haska, duk abin da aka yi a gaban babban sai ya bayyana a ƙananan, murya kuma ta fita ta kogon kukar. Ranar farko ba ta shirya komai ba. Ta dai tsaya da ƙafa ɗaya ta ce da Ƙetaranci, "Kun iso lafiya? Ya kuka baro gida?" Wallahi daga wannan gaisuwa kawai aka yi ta kuka a kan rassa har magariba. Wanda bai taɓa baƙunta ba ba zai gane ba.

Haka aka haifi Tashar Ƙetare. Aka fara da gaishe-gaishe, aka ƙara da labarin inda fara ta sauka, sannan aka zo da wasan kwaikwayon da ya ɗaukaka sunan tashar, wato Hawayen Damina. Ana fara shi da ruwan farko: saurayi ya ga budurwa, dangi su ƙi, a yi ta kuka, a ƙarshe a ɗaura aure. Amma ranar auren ba marubuci ke sa ta ba. Iya Tabawa na da gwiwar hagu da ke mata tsami duk lokacin da iskar tafiya ta kusa, iskar da ke ɗaukar tsuntsu ta tsallakar da shi kogi ba wahala. Da gwiwa ta motsa sai ta ce, "Yau a ɗaura." A ɗaura da la'asar, washegari da hantsi kowa ya kama hanya. Shekaru suka tafi a haka, har yaran baya suka daina koyon karanta sama. Me za a yi da sama, ga madubi?

Tauraruwar wasan wata kurciya ce mai suna Ladingo. A dajin aka ƙyanƙyashe ta, ƙarƙashin sheƙar Iya Tabawa, ta tashi da Ƙetaranci a bakinta alhali ba ta taɓa ganin ƙetaren ba, don fukafukan kurciya ba na tsallake kogi ba ne. Saurayinta a wasan kuwa Tanimu ne, wani tsattsewa siriri mai ƙirji fari, wanda in ya ce "masoyiyata" sai 'yan mata su zame daga reshe. Kowace shekara Ladingo tana auren Tanimu da la'asar, ya tashi ya bar ta da hantsi. Masu kallo suna cewa ba a taɓa yin mai iya kukan ƙarya kamarta ba. Ita kaɗai ta san babu ɗigo ɗaya na ƙarya a ciki. Ta so shi so irin wanda ke hana cin tsaba, ba ta kuma taɓa faɗa masa ba sai da kalmomin da aka rubuta mata.

To, inda taro yake nan kura ke shinshina. Wata damina sai ga Kure da muƙarrabansa a gindin kuka, ya ce shi tun yana yaro yake ƙaunar tsuntsaye. Ba wanda ya musa, don an san ya ƙaunaci da yawa har ƙashi. Madubi ya tsufa, Iya Tabawa ma haka, Kure kuma ya zo da sabo fil mai walƙiya. Kafin a ankara an naɗa ta Uwar Tasha ta Har Abada, an kai ta wani reshe mai nisa inda ba a jin muryarta, shi kuma ya zama Shugaba. Bai san ko "sannu" da Ƙetaranci ba, sai ya ɗauki Aku tafinta. Aku ya gaji kujerar ne daga yayansa, wanda ya taɓa fassara wa Shugaba wata magana marar daɗi daidai yadda aka faɗe ta, aka ga gashinsa washegari a bayan ofis.

Tallace-tallace suka shigo. Ana tsakiyar kuka sai a tsaya a tallata man gyaran kofato, ko makilin mai sa haƙora su yi fari, ga jama'ar da ba ta da haƙori ko na rantsuwa. Aka kuma ɗauki Buzuzu shugaban sashen auna masu kallo. Dabararsa mai sauƙi ce: kowace safiya ya zagaya gindin itatuwa ya mulmula abin da masu kallo suka zubar jiya, girman ƙwallo shi ne girman farin jini.

Da damina ta biyu ta yi nisa, Kure ya kira majalisa. Ladingo na gefe, don an ce taurari su zo su yi shiru.

"Ranka ya daɗe," in ji Buzuzu, "da damina ƙwallo har ya fi ƙarfina, sai na kira 'ya'yana. Amma bara da rani na zagaya dajin nan kaf, ban sami abin da zan kai wa iyali ba."

Kure ya juya ga Aku. "Ina suke zuwa?"

"Gida, ranka ya daɗe. Da an ɗaura aure sai su tashi."

Kure ya miƙe irin na manya. "'Yan majalisa, ku saurara ku ƙaru. Na yi nazari. Kafin aure suna nan. Bayan aure ba su nan. Ashe ba sai an kira boka ba: aure ne ke korar mana masu kallo. Tsohuwar nan shekara da shekaru tana kashe kasuwarta da bakinta, don ba ta yi karatun zamani ba. Daga yau na soke aure. Su so juna, su yi kuka, su suma, su farfaɗo, amma duk wanda ya ɗaura musu aure ni zan yi masa walima, shi ne kuma naman. Akwai mai magana?"

Majalisa ta yi tafi. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ita kuwa Ladingo, Allah ya yafe mata, zuciyarta sai da ta yi tsalle. Ba aure, ba tafiya. Tanimu zai kwana a dajin nan da rani! Ta fito tana gu-gu-gu ita kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

Marubuta suka duƙufa. Ana gobe aure amarya ta faɗo daga reshe ta manta sunanta. Da ta tuna, sai ga tagwayen ango ya ɓullo daga ƙetare da tabo a ido. Da aka kori tagwaye, sai wata tsohuwa ta zo ta rantse ita ta shayar da ango da amarya, abin da ya ba masana mamaki tunda tsuntsu ba ya shayarwa, amma ba wanda ya bar kallo saboda haka. Ƙwallon Buzuzu ya yi girman da bai taɓa yi ba.

Ciyawa dai ba ta kallon talabijin. Ta bushe a kan lokacinta. Fara ta ƙare, kududdufai suka koma laka.

Wata safiya Iya Tabawa ta aika a kira Ladingo. Ta same ta tana dafe da gwiwa.

"'Yar nan, gwiwata ta yi magana har ta gaji. Iskar ta zo, tana kuma shirin wucewa."

"To Iya, ki faɗa musu mana."

"Kina tsammani ban faɗa ba? Reshe-reshe na bi da ƙafar nan. Kin san me jikata ta ce min? 'Haba Iya, ba a fa ɗaura ba tukuna, ki matsa kin tare mana madubi.' Laifina ne, ni na koya musu duban gilashi maimakon sama. Yanzu bakinki kawai za su ji."

Ladingo ta sunkuyar da kai. "Shugaba ya hana."

"Shugaba ne ya hana, ko ke ce ba ki so?" Tsohuwar ta kalle ta da ido ɗaya. "Ni na share miki baki kina 'yar tsako, yarinya. Na san kukan wasa, na san na gaske. Baƙo raɓa ne. In kika riƙe raɓa har rana ta take, ba za ki same ta ba, ba kuma za ta koma inda ta fito ba."

Ladingo ta tashi tana jin haushin tsohuwar kamar yadda ake jin haushin mai gaskiya.

Da la'asar ɗin nan suna tsakiyar wasa, Tanimu ya buɗe baki zai ce "masoyiyata," sai ya sulale ya faɗi. Ba ya cikin rubutu. Kure ya yi ta buga ƙafa yana cewa a ƙara wa yaron nan girma, ya iya suma. Ladingo ta tallafo shi a bayan madubi, ta ji ƙashin ƙirjinsa kamar tsinke.

"Yaushe rabonka da abinci?"

"Sauro biyu na kama shekaranjiya," ya ce yana murmushi, "ɗaya ma ramamme ne, na tausaya masa."

"Kai ka iya karanta sama, Tanimu, na sani. Me ya hana ka tafiya?"

"Ke da kike da kunne har biyu, sai an rubuta miki wannan ma?"

Shekara nawa tana jiran wannan magana, sai ga ta ta zo a ranar da ba ta da inda za ta ajiye ta.

Washegari rubutu ya ce Ladingo za ta sake mantuwa. Rana ta haska madubi, rassa suka cika da ƙwarangwal masu zuba ido. Ta tsaya, ta dubi jama'a kai tsaye, abin da 'yar wasa ba ta yi.

"Na tuna sunana," ta ce da Ƙetaranci, "na tuna nasa, ba kuma zan sake mantawa ba. Ba shi da tagwaye. Ba wadda ta shayar da mu. Dangin da suka ƙi, su ci kansu. Ina son Tanimu, kuma yau za a ɗaura, yanzu, kafin rana ta faɗi. Malam Balbela, sauko da farar rigarka. Iya, matso ki zama waliyyiya. Ku kuma 'yan uwa ku buɗe kunne da kyau: an ɗaura. Kun ji? An ɗaura! Kowa ya san abin da ake yi gobe da hantsi."

Daji ya ɗauki guɗa da kuka lokaci guda. Malam Balbela, mai fitowa a liman, ya sauko ya shafa fatiha mafi sauri a tarihin tashar.

Kure ya dafa Aku. "Me take cewa haka da ya tashe su?"

Aku ya dubi madubi, ya dubi haƙoran Shugaba, ya tuna yayansa. "Makilin take yabo, ranka ya daɗe. Ta ce tun da ta fara amfani da shi rayuwarta ta canza."

"Ka gani!" in ji Kure. "Ni na san yarinyar nan za ta yi nisa."

Da hantsi sama ta yi baƙi da fukafukai. Iskar ta rage ƙarfi, amma tana nan. Iya Tabawa ce a gaba, tana ɗingishi har a sama. Tanimu ya tsaya a ƙarshe.

"Bana auren na wasa ne ko na gaske?" ya tambaya.

"Je ka ka ci abinci tukuna. Ba na auren tsinke."

"Zan dawo da ruwan farko, Ladingo."

"In ka makara zan sake mantuwa."

Ya yi dariya ya tashi. Ta bi shi da ido har ya zama ɗigo a kan kogi, tana addu'ar ƙarfinsa ya kai shi, sannan ta yi kukan da ya fi duk na shekarun baya, ba madubi, ba mai kallo, ba talla a tsakiya.

Kafin Kure ya gane abin da ya faru, Aku ya tafi ta'aziyyar da har yau bai dawo ba, Malam Balbela ya koma bin shanu, Ladingo kuma ta shige cikin dubban kurciyoyin daji, waɗanda a idon kura duk kamarsu ɗaya. Ana ganin ta dai kullum a wani reshe mai kallon kogi, tana koyon karanta gajimare ita kaɗai. Aka ba Jemage gurbinta, saboda yana tashi kuma yana da haƙora.

Da rani ya tsaga aka yi bikin tunawa da kafa Tashar Ƙetare. Kure ya ba da tarihin yadda ya tsinci madubi da hannunsa saboda tausayin baƙi, ya kuma sanar cewa a watannin nan ko mai kallo ɗaya bai kawo ƙorafi ba. Aka yi tafi. Sannan aka kira shugaban sashen aune-aune ya faɗi sakamako. Buzuzu ya taso a rame, ya dubi gindin itatuwa fes kamar an share, ya ce tun da aka kafa tashar nan ba ta taɓa samun masu kallo masu tsafta irin na bana ba.