Ɗan Kan Dutse da Kwandon Swaki

Wani ne, ɗan kan dutse, daga can cikin Bukidnon inda masara ta fi mutane yawa. Ba zan faɗi sunansa ba, don kuna saninsa za ku hana shi sakat a bakin ruwa. Ya zo nan tsibirinmu na Bohol sayar da masara, ya hangi Minda 'yar Tatay Takyo tana shanya kifi. Shi ke nan. Masara ta ƙare, mai masara bai koma ba.

Kun san yadda muke yi. Mai neman aure sai ya riƙa zuwa gidan iyayen yarinya yana musu aiki, a ga hannunsa, a ga halinsa. To bawan Allah ya yi. Ya ɗebo ruwa, ya faskara itace, ya gyara rufi. Kaza kuwa in ka miƙa masa, kafin ka juya ya fige ta, ya farke cikin, ya zubar da ƙazanta, ya wanke ta tas. Nanay Meling, uwar yarinyar, har ta fara zuba masa shinkafa da babban ludayi.

Tatay Takyo ne bai gamsu ba. Shekara arba'in yana kamun kifi, kuma a wurinsa duk wanda bai san teku ba bai gama zama mutum ba. Ko sunan yaron bai taɓa riƙewa ba, don shi kowane saurayi Dong ne a bakinsa.

Ranar Juma'a yana ɗinkin taru ya kira shi.

"Dong, ka san swaki?"

Swaki wata irin bushiyar teku ce mai ƙaya, mutumin kuwa bai taɓa ganin ta ba, ko a hoto. Minda tana bayan ƙofa tana girgiza masa kai, wai ya faɗi gaskiya. Shi kuwa da ya ga idonta a kansa, sai ƙirji ya buɗe.

"Swaki? Haba, Tatay! Ai da shi aka yaye ni."

"A kan dutse?"

"Ana kawo mana. A buhu."

"Madalla," in ji tsohon. "Jibi Lahadi wata ya cika, cikinsu ma ya cika. Yayyena biyu za su zo mu yanke maganarka da Minda. Kai za ka ɗebo, kai za ka gyara, kai za ka ajiye a gabanmu. In na ci na lashe cokali, mu sa rana. In ba haka ba, jirgin ruwan Litinin ba ya rasa wurin mutum ɗaya."

Ni dai, jama'a, ban san abin da ya kai swaki daɗi ba. Ka fasa shi ɗanye yana motsi, ka zubar da baƙin dattin ciki, ka ɗauraye da ruwan teku, sai ga ɗan layi biyar ɗin nan mai ruwan lemu manne a jikin ɓawon. Iyakar abin da ake ci ke nan, cokali ɗaya ba ya cika. Ka ɗiga masa lemun tsami, ka ɗora a kan shinkafa mai zafi, ka manta da matarka. Ko jariri a nan ya san haka. Ɗan kan dutse ne kawai bai sani ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya.

Lahadi da safe ruwa ya janye. Ya ɗauki kwando ya shiga, yana taka ƙasa kamar mai tsoron ta fashe. Ya tarar da wata dattijuwa tana tsintar katantanwa.

"Manang, don Allah ina swaki yake zama?"

"Ga su nan cikin ciyawar ruwa, masu gajeriyar ƙaya. Amma kada ka taɓa baƙaƙen can masu dogayen ƙayoyi. Tuyom ne, ba a kama su da hannu."

Ya yi godiya, ya juya, yana murmushi. Shi ɗan kasuwa ne, ya san halin mata masu saye da sayarwa. In mace ta ce maka kada ka taɓa wancan, to wancan ɗin ta ajiye wa kanta. Kuma wa zai kai wa surukai ƙanana alhali ga manya, ƙaya kamar tsinken saƙa?

Ya zaɓi wanda ya fi kowane girma, ya damƙe shi da hannu biyu.

Ihun da ya yi, wallahi masu kwale-kwale a can wajen duwatsun murjani na cikin teku sun ji, sun zaci jirgi ne ke neman hanya. Ya yi tsalle, ya dira da ƙafar hagu a kan na biyu. Ya sake tsalle, ƙafa ta zame, ya zauna daɓas a kan na uku.

Mutum biyu suka ɗauko shi a kife, suka shimfiɗe a tsakar gidan Tatay Takyo. Lola Sinang, kakar Minda, tana kan kujerarta ta gora. Ta haura tamanin, ba haƙori ko ɗaya, amma ba a yanke komai a gidan sai ta yi magana. Ta duba shi sama da ƙasa.

"Tuyom," ta ce. "Fitsari ne maganinsa. A yi masa da ɗumi."

"Na'am?" in ji mara lafiya.

"Fitsari, Dong. Yana narkar da ƙayar. Mijina sau tara ana masa."

Tatay Takyo ya ajiye taru, ya miƙe, ya fara laluben mazagin wando.

"Ai ya kusa zama ɗana," ya ce. "Ni zan yi. Ina da ina ne? Hannu, ƙafa, sai ina?"

"Na warke, Tatay! Na rantse na warke!"

"Kwanta mana. Na sha kofi biyu da safe."

Nanay Meling ce ta cece shi. Ta ture mijin, ta kawo kwalbar ruwan tsami na kwakwa, ta jiƙa tsumma ta ɗaɗɗaure masa hannu da ƙafa. Wuri na uku kuwa ta miƙa masa tsumman ta ce ya shiga bayan gida ya ji da kansa.

Da ya fito yana tafiya a ware, tsohon ya tambaye shi, "Dong, naku na kan dutse haka ƙayarsa take?"

"A'a, Tatay. Namu ya fi ladabi."

Ana wannan hidima Minda ta zame da kwando. Kafin rana ta take ta dawo da swaki sittin, manya, masu nauyi a hannu, irin waɗanda ba a samu sai ranar cikar wata. Ta shigo da su ɗakin girki ta ƙofar baya. Idonta ya yi ja, don ita ma tana son sa, kuma ta san ubanta ba ya maganar jirgi da wasa.

"Saurara," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka fasa ta wajen bakin, ka zubar da dattin ciki, ka ɗauraye da ruwan tekun da ke bokitin nan. Kada ka ɗora a wuta. Sannan abin da za ka bari shi ne..."

"Minda," ya ɗaga hannu mai tsumma, "kaza nawa na gyara a gidan nan?"

"Ai wannan ba kaza ba ce."

"Duk abin da ke da ciki, gyaransa ɗaya ne. Je ki huta."

Ta buɗe baki za ta sake magana, sai Nanay ta ƙwala mata kira, baƙi sun iso.

Ya rage shi kaɗai, a tsaye, don zama ya haramta gare shi ranar. Ya ɗauki na farko da tsumma, ya sa wuƙa ya raba shi biyu. Ƙayoyin suka ci gaba da motsi, kowane rabi yana neman hanyarsa.

"Kai, ka mutu mana," ya ce masa. "Na yanka ka."

Ya leƙa ciki. Ga baƙin ruwa, ga guntayen ciyawa, ga wani abu mai laushi ruwan lemu ya manne a bango. Ya taɓa da yatsa, ya narke. Ya shinshina, ya yamutsa fuska. A kan dutse in ka farke kaza ka ga irin wannan a jikin haƙarƙari, ba ka ko ba wa kare. Ya ɗauko cokali ya kankare shi sarai.

Kun san daɓen gidajenmu, tsagin gora ne a kan turaku, abin da ka zubar yana faɗawa ƙasa wajen dabbobi. Nan ya riƙa turawa ta tsakanin gora. Muzurun gidan, wani ramamme da ake ce wa Kapitan, ya zo ya zauna daidai saitin ramin ya ɗaga kai. Agwagi shida suka biyo baya.

Ya fasa na biyu, ba nama. Na goma, ba nama. Na talatin, gumi ya fara keto masa. Ya tsaya ya yi tunani irin na masu hankali. Tunda an zubar da kayan ciki kuma ba a ga tsoka ba, to abin da ya rage shi ne abincin. Ai ya ga mutanen nan suna tauna busasshen kifi har ƙashi, yana ƙara rumus-rumus. Mutanen teku haƙora gare su.

Sai hankalinsa ya kwanta. Ya gama sittin ɗin. Ya aske ƙayoyin da wuƙa, ya goge kowane ɓawo da ɓawon kwakwa ciki da baya har yana sheƙi. Ya shimfiɗa ganyen ayaba a faranti, ya jera su layi-layi, ya kewaye da lemun tsami da barkono. Kai, ko a otal ba ka ga irin wannan jeri ba.

A ɗaki kowa ya zauna. Ga shinkafa tana tururi, ga dafaffen rogo. Tiyo Berting da Tiyo Kardo, yayyen Tatay Takyo, kowane riƙe da cokali. Tiyo Kardo tun jiya da rana bai ci komai ba, wai yana ajiye wuri.

Ɗan kan dutse ya shigo yana ɗingishi, ya dire farantin a tsakiya, ya ja da baya ya harɗe hannu.



Minda ta leƙa, ta rufe baki da hannu biyu. Tatay Takyo ya ɗauki ɓawo ɗaya, ya juya shi, ya ɗaga shi wajen taga, ya hangi bishiyar kwakwa ta cikin ramin.

"Dong."

"Na'am, Tatay."

"Ina cikin?"

"Na wanke, Tatay. Ko ɗigon ƙazanta ba za ka samu ba."

"Mai ruwan lemun fa?"

"Ai shi ya fi ba ni wahala. Sai da na sa cokali."

"Duka sittin?"

"Ban bar ko ɗaya ba."

"Ina ka kai shi?"

Ya nuna ƙasa da yatsa. Manya uku suka durƙusa suka manna ido a tsagin gora. Ga Kapitan kwance a rigingine, ƙafafu huɗu a sama, ciki kamar ganga, gashin baki duk ruwan lemu. Agwagin sun zazzauna a kewayensa, ba mai iya tashi.

Tiyo Kardo ya ɗago da hawaye a ido. "Awa biyu a mota," ya ce. "Awa biyu, Takyo. Ko kofi ban sha ba."

Nan ne ɗan kan dutse ya gane ɓarnar da ya yi. Ya dubi Minda, ya ga tana kuka, ya ga jirgin Litinin ƙiri-ƙiri a gabansa. Tsoron rasa ta ya fi masa zafin ƙayar da ke bayansa. Sai ya yi ta maza. Ya ɗauki ɓawo, ya tsoma a ruwan tsami, ya cusa a baki.

Ƙarar ta kai tsakar gida.

"Haka muke cin sa a kan dutse," ya ce, ido yana zubar da ruwa. "Ya fi ƙarfafa ƙashi. Bismillah mana, Tiyo."

Ba wanda ya motsa. Ya ɗauki na biyu, ya tauna. Ya kai hannu ga na uku, Minda ta riƙe masa hannu, tana kuka tana dariya lokaci guda.

Tatay Takyo ya buga cokali a faranti.

"Gobe da sassafe! Ni da kaina zan kai shi bakin jirgi!" Ya juya wajen uwarsa Lola Sinang, wadda ke ta mamular rogo. "Nanay, ke ki faɗa. Mutumin da ya kwashe daɗin ya zuba wa na ƙasa, shi ya zauna yana tauna ɓawo, wannan zan ba 'yata?"

Lola Sinang ta haɗiye rogonta, ta goge baki, ta leƙa Kapitan ta tsagin gora.

"Ba shi ita," ta ce. "Ke kuma Minda, in kin tare, lokacin cin abinci ki riƙa sauka ƙarƙashin gida."