Muryar da Ta Fito Daga Kabarin Sarki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara mutane a kan matan mijina na lahira ba, ko da kuwa tsufa ya ɗauke min sauran komai.

Ina cikin takaba a lokacin. Malam, Allah ya jiƙansa, dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro, kuma tun da ya auro ni daga Kornaka bai taɓa ƙara aure ba. Ya rasu ya bar min gida, da tumaki, da salularsa wadda ban iya komai a cikinta ba sai dangwalawa. Autanmu Sanusi yana karatun likita a ƙasar Cek, can Turai, bai samu zuwa jana'iza ba.

Wata rana bayan azahar gidan ya yi tsit, ko tumakin ba su motsi. Ina zaune ni kaɗai a ɗakin Malam, ina shinshinar rawaninsa ina hawaye (har yau ina yi, ba na ɓoyewa), sai salular ta yi gurnani a aljihun rigarsa da ke rataye. Na ciro ta, na dangwala inda na ga haske.

Muryar Malam ce ta fito. Ba kama ba ce, ita ce, har da ɗan gyaran muryar da yake yi kafin magana. Tana amsa kuwwa kamar daga cikin rijiya, ƙasa-ƙasa:

"Ga ni a ƙarƙashin ƙasa yanzu. Akwai sanyi ƙwarai, ba a ɗaga murya a nan. Ga matan nan huɗu kwance a gefe guda..."

Na saki salular. Tsikar jikina ta tashi. Amma ba tsoron ne ya fi damuna ba. Huɗu! Huɗu ai sun cika. In na je, ina zan shiga? Mutumin da yana kwance a gadon ciwo ya riƙe hannuna ya ce zai jira ni.

Ban faɗa wa kowa ba, na yi ta ramewa. Sai ranar sadakar arba'in, gida cike da dangi har daga Korahane, liman ya shigo ya yi min gaisuwa. Na rushe da kuka a gabansa.

"Liman, Malam ya yi magana daga kabari. Ya cike huɗu. Ba ni da gurbi."

Wata ta fara salati, wata ta ja ɗanta ta matsa bakin ƙofa. Hajiya Dije, ƙanwar Malam, wadda ba ta taɓa raga min ba tun ina amarya, ta ce, "Yaya? Wanda ke ɗaya ma kin ishe shi? Miƙo salular mu ji."

Ta duba ta ce saƙon murya biyu ne, na ƙarshen na buɗe. Ta kunna na farkon da ƙarfi. Muryar nan ta sake cika ɗakin, har liman ya ɗan ja da baya.

"Inna, Sanusi ne."

Ashe yaron ne, muryarsa ta koma ta ubansa sak. Wai ya ga kewa za ta kashe ni, shi ne ya je ziyara don ya samo min labari. Akwai wani sarkinsu na can da ya rasu fiye da shekara ɗari shida, wanda ya gina gadar dutse da babbar makarantar birnin da Sanusi yake. Ya yi aure huɗu, amma ɗaya bayan ɗaya, don addininsu ba ya barin a haɗa. Sai wannan ta rasu yake auro wata. Ta ƙarshen ce ta ga mutuwarsa, mace mai ƙarfi da ake cewa tana lanƙwasa ƙarfe da hannu. Duk an ajiye su a wani ɗaki ƙarƙashin coci, matan a akwati guda kusa da shi. "Bari in sauka in faɗa miki abin da na gani," in ji Sanusi.

Dariyar da aka yi a gidan makoki ranar, Allah ya yafe mana. Dije har da riƙe ciki: "Yaya da gadar dutse! Mutumin da katangar gidansa ta gagare shi!" Na ja mayafi na rufe fuska, na ji dama ƙasar ta karɓe ni tare da su huɗun.

Da liman zai fita, na daure na kira shi a hankali. "To, gurbin nawa yana nan?"

"Yana nan, Hajiya, in Allah ya yarda. Babu wadda ta shiga."

Abin da na koya shi ne, magana daga farkonta ake jin ta. Amma gaskiya ban ɗauki darasin ba. Na sa Dije ta nuna min inda ake dangwala na biyun, kuma duk ranar da gidan ya yi tsit shi nake kunnawa. Ina sane sarai da wanda ke magana. Nakan dai bari ya yi gyaran muryar nan, in ce masa, "Malam, ka yi haƙuri da sanyin, ina tafe."