Rasuwar Goggo Rakoda ta Aji Biyu

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da hanci cike da ƙaurin wayar wuta, Malamar aji biyu ke sanar da iyaye da abokan arziki rasuwar Goggo Rakoda, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin aji, a gaban baƙi.

Ba wanda ya san shekarun marigayiyar. Malama ta gaje ta ne daga kawunta, da tabo a murfi da ɗaurin roba a ƙugu. Ba ta taɓa zuwa bita ba, ba ta da takardar shaida ko guda, abin da ya sa jininsu ya haɗu da Malama ke nan. Amma a ajin da kusan kowane benci da yarensa, Goggo kaɗai ke jin kowa. Duk yaron da aka kawo sabo, Malama kan rungume ta su je gidansu, a zaunar da kaka ko uwa ta yi tatsuniya da yaren gida, Goggo ta haɗiye. Washegari ta amayar wa aji, Malama ta tsinci kalmomi ta rubuta a allo yadda kunnenta ya ji, mai yaren ya tashi ya gyara mata yana hura hanci. Haka yaran nan suka fara karatu, da bakin kakanninsu da na kakannin wasu.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa yi wa yaro dariyar harshensa ba. Aibinta ɗaya, in ranta ya ɓaci takan tauna kaset, sai an lallashe ta da biro. Ta kuma daɗe tana fama da tari. Ana tsakiyar labari sai ta ce "kyarr... kaf-kaf," ta yi tsit, sai an ɗan mare ta a kunnen hagu, cikin ladabi, sannan ta ci gaba.

Ajali ya zo ta hannun Hedimasta, wanda ya dawo daga bita da sabuwar jaka da jimla guda, "ilimi mai tafiya da kowa," yana faɗa wa kowa har mai gadi. Da baƙi suka zo ganin yadda ake tafiyar, sai ya tuna da Goggo, wadda a da yake kira tarkace. Ya ga muryarta ta yi ƙasa, ba ta dace da manyan mutane ba. Baiwar Allah da ta yi rayuwarta kaf a kan batir, ya zare mata su, ya fere waya da haƙori, ya cusa a soket. Maganarta ta ƙarshe ita ce "fuf." Ɗaya daga cikin baƙin ya tafa, a zatonsa yana cikin shirin.

Abin da ya fi ƙona wa Malama rai shi ne, Goggo ta tafi da kaset a ciki. Na kakar 'Yar Shiru ne, yarinyar da ba mai jin yarenta a ajin, wadda ba ta ɗago kai ta dubi allo sai an kunna mata shi. Kakar kuwa ta riga Goggo tafiya. Mai gyara ya buɗe, ya leƙa, ya ce sai haƙuri, kaset ya narke.

Marigayiya ta bar kwali guda na kaset marayu, da biro gwauro, da aji cike da jikoki. Washegari Malama ta shiga tana ta goge allon da ba komai a kai, don ba ta san da me za ta fara ba. Sai bencin baya ya ɗauko tatsuniyar kakar nan, da yaren da ba nasu ba, sauran suka kama. Da suka kai tsakiya, baki ɗaya suka ce "kyarr... kaf-kaf," suka yi tsit, domin a saninsu haka yaren yake. 'Yar Shiru ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe, ta mari na kusa da ita a kunnen hagu, cikin ladabi, ta ƙarasa labarin da bakinta. Malama ta bi ta da rubutu a allo. Yarinya ta karanta, ta karɓi alli, ta gyara mata harafi.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan an tashi. Za a kwantar da marigayiya a saman kabad ɗin aji, a lulluɓe ta da tsohon ɗankwalin Malama. Ana karɓar gaisuwa a aji biyu. Mai zuwa ta'aziyya ya taho da kakarsa in tana da rai, an ware musu benci a gaba. Hedimasta zai yi jawabi a kan tafiya da kowa. Iyalan mamaciya sun roƙi ya yi shi nesa da soket.