Agwagina Sun Zama 'Yan Ƙasar Waje

Jiya, jama'a, na kwance bakin zanina na biya kuɗi don in kalli agwagin da aka ƙyanƙyashe a bayan ɗakina. Kar ku yi dariya tukuna, ku bari in kai ƙarshe.

Kun san fadamar nan ta bayan gari, wadda da in ka tsaya a bakinta kukan tsuntsu ba ya barin ka ji maganar na kusa da kai? To bara manya suka tashi suka ce za su kare tsuntsayen. Daga wa, oho, ni dai ban taɓa jin zalɓe ya kai ƙara ba. Aka zagaye wurin da waya, aka sare itatuwan da suke kwana a kai aka yi wa motoci wurin tsayawa, aka kafa inji yana ruri ba dare ba rana don ofishin shugaban wurin, Mai Girma Uban Masu Fiffike, ya yi sanyi. Tsuntsu kuwa ba wawa ba ne. Da suka ga irin gatan da ake musu, suka tattara nasu-ya-nasu suka bar gari.

Ranar buɗewa ta matso, Babban Baƙo zai zo yanka ƙyalle, ga fadama ba tsuntsu ko na magani. Sai ga wani mai hular kaki a ƙofar gidana, har da durƙusawa. "Iya, aron agwagi muka zo. Yini ɗaya tak. Da an gama ɗaukar hoto mu da kanmu za mu dawo miki da su."

Maƙwabciyata mai ɗinki ta leƙo ta kan katanga. "Yaya, kar ki ba kura ajiyar nama."

Na ce, "Ke, ai hukuma ce."

Ta ce, "Ai shi ya sa."

Suka kwashe su kaf, har da Gurguwa, tsohuwar agwagwata mai ɗingishi, wadda da ƙwanta nake sayen maganin gwiwa. Yini ɗaya ya haifi mako, mako ya haifi wata, damina ta zo ta wuce. Duk sanda na aika sai a ce maganar tana gaban kwamiti. Gwiwa kuwa ba ta san kwamiti ba.

To likita ya ce in riƙa taka ƙasa kullum, kuma rediyo ta cika mana kunne wai an yi hanyar tattaki mai sauƙi a fadama, ko tsohuwa za ta iya. Na ce to, ga tsohuwa.

A bakin ƙofa mai tikiti ya ce, "Iya, kallon tsuntsu ko tattaki?" Na ce gaisuwa na zo. Ya zazzage jakata yana neman danƙon harbi, ya tarar da tsohon kwano da cokali. "Wannan fa?" Na ce, "Tsufa ne, ɗana, in ka kai za ka gani."

Hanyar kuwa, Allah ya saka wa ɗan kwangila. Gadar katako ce, ta tafi, ta tafi, sai ta tsaya cak a tsakiyar ruwa kamar mai magana da ya manta abin da zai faɗa. Ragowar wai tana cikin kasafin baɗi. Kujerun hutawa an kai su ofis don kar rana ta ɓata su. Madubin hangen nesa yana cikin kabad, mai mabuɗin kuma an tura shi ƙasar waje ya koyo yadda ake kallon tsuntsu. Kun ga aiki da tsari.

A ƙarshen gadar na iske mai jagora da baƙi masu yawon buɗe ido, kowa da abin ɗaukar hoto a wuya, ana ta raɗa kamar gidan makoki. Ya ɗora yatsa a baki. "A hankali, kar ku firgita su. Waɗannan daga bayan teku suke zuwa. Sukan yi wata da watanni a sama ba su sauka ba."

Na duba. Gurguwa ce. Gurguwar da ko dokin ƙofa ba ta tsallakewa sai an ɗaga ta.

Na ce, "Ɗan nan, waccan mai ɗingishin fa?"

Ya ce, "Gajiyar tafiya ce, Iya."

Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba, don duk sun rame, ƙashin ƙirji a waje. Alhali da kunnena na ji an ware kuɗin dusarsu. Can sai na hango mai hular kaki yana wucewa, maɓallin rigarsa na neman ceto. Dusa ba ta ƙarya, jama'a, duk cikin da ta shiga sai ta nuna.

Na lallaɓa ofis. Mai Girma yana zaune cikin sanyi, bayansa hoton gauraka wanda ya fi ƙofar ɗakina girma. Ita ce kaɗai gaurakar da ta rage a wurin. Na durƙusa iyakar yadda gwiwa ta yarda, na ce, "Ranka ya daɗe, maganar aron nan ce."

Ya ce, "Iya, duk abin da ke da fiffike a cikin wayar nan dukiyar ƙasa ne. Wanda ya ɗauki ko gashi ɗaya, sai kotu."

"To in su suka tashi da kansu fa, ranka ya daɗe?"

Ya yi murmushin tausayin jahili. "Wannan ƙaura ke nan, ɗabi'arsu ce. Ba mai ikon hana tsuntsu ƙaura. Mu ma ai abin da muke karewa ke nan."

Na ce, "Allah ya ƙara ilimi."

Na koma bakin ruwa, na ciro kwanona, na ƙwanƙwasa shi da cokali yadda nake yi kowace safiya in zan zuba dusa. Gurguwa ta ɗago kai. Toron cikinsu ya saki wani kuka da ya sa wata baƙuwa ta dafe ƙirji. Ni dai na juya na kama hanya, ban waiwaya ba, ina tafe ina ƙwanƙwasawa. Ɗingishina gaba, na Gurguwa baya, sauran sun jeru, baƙi na biye da mu suna ta hoto.

Mai tikiti ya tare ƙofa, ya baza hannuwa. "Iya! Ina za ki da tsuntsayen hukuma?"

Na buɗe masa tafukana. "Ka ga na ɗauki wani? Ƙaura suke. Je ka tambayi maigidanka."

Ya dubi mai jagora. Mai jagora ya dubi baƙin da ya gama rantse musu da bayan teku. Baƙuwar nan ta matso, idonta har da ƙwalla, ta ce, "Malam, da ma yanzu ne lokacin tafiyarsu?"

Mai jagora ya sosa ƙeya. "E... lokacinsu ne."

Mai tikiti ya kauce. Baƙi har da ɗaga mana hannu, wai Allah ya kai lafiya. Ya kuwa kai, don bayan tekun bai wuce bayan ɗakina ba.

Yau da safe mai ɗinki ta leƙo ta ce in Gurguwa ta fara ƙwai in riƙa sayarwa da farashin kayan waje. Ina tunani a kai. Na kuma ji wai wani Babban Baƙon yana tafe wata mai kamawa. Masu kaji, ku rufe akurki. Mutanen nan in suka matsu, zakara ma za su rantse sun ga saukarsa daga jirgi.