Ranar da Aka Zauna Korar Injiniya Kurege

A wani daji mai yawan itatuwan kuka da ƙarancin sabis, majalisar dabbobi ta sayi kwamfuta uku da firinta ɗaya, ta ɗauki Kurege aiki. Takardar aikinsa shafi huɗu ce. Ta ce shi ne Babban Injiniyan Makomar Daji, zai ƙera manhajar da za ta riƙa faɗin ranar saukar damina. Aikin ya zo da kogo a jikin kuka, wanda ba ya yoyo. Nan ya kai matarsa da 'ya'yansa.

Shekara ta zagayo bai taɓa manhaja ba. Da safe Hajiya Giwa, shugabar majalisa, ta manta lambar sirrinta. Da hantsi Baba Kunkuru ya aiko cewa kwamfuta ta mutu, a je a tarar bai jona ta ba. Da azahar Kurege yana ƙololuwar kuka da wayar Ɓauna a baki, yana neman sabis. Wani lokaci yakan ɗauko takardar ya karanta, kamar wasiƙar da aka aiko wa wani.

Ranar bitar aiki, Malam Dila magatakarda ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, ni ba ni da komai da bawan Allahn nan. Shi ya ciro mini hotunan bikin 'yata da suka ɓace. Amma takarda ta ce manhaja. Ina manhaja? Ta ce makoma. Ina makoma? Doka kuwa ta ce wanda bai yi abin da ke takardarsa ba ya bar aiki, ya bar kogo."

Giwa ta dubi Kurege. "Injiniya, me ka yi shekara guda?"

"Duk abin da aka kira ni, Hajiya."

"Ba ya cikin takarda."

"Ba ya ciki."

Aka amince da kora, kowa kansa a ƙasa. Kurege ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas, ya tuna kogo. Sai dai a dajin nan kora ba ta tabbata sai an buga ta a takarda. Giwa ta zauna gaban kwamfuta, ta ƙura mata ido.

"Kurege, ɗan zo mana. Mece ce ma lambar tawa?"

Ya raɗa mata a kunne. Ta rubuta, firinta ta haɗiye takardar.

"Ku matsa in ba ta ƙaho ɗaya," in ji Ɓauna.

"Yi haƙuri, Yaya, ba ta son faɗa." Kurege ya zura hannu ya zaro, ya sake latsawa. Takardar korarsa ta fito tas. Ya ninke ta, ya shiga naɗe wayoyi.

Kunkuru ya yi gyaran murya. "To wa za mu ɗauka? Ni dai a samo wanda ba ya dariya in ya tarar ban jona ba."

"Wanda ya iya hawa," in ji Ɓauna.

"Mai riƙe sirri," in ji Giwa.

Dila ya rubuta, ya karanta musu. Layi uku ne. Ido duk ya koma kan mai naɗe wayoyi.

"Ranki ya daɗe, mun san mai shi," in ji Dila. "Amma haka ba ta rubutuwa. Dajin makwabta su ji injiniyanmu aikinsa zaro takarda? A sa Babban Darakta. A ƙara shafi biyu."

Damina ta sauka, iyalin Kurege na cikin kogo. Sabuwar takardar ma tana nan tafe. Ta maƙale ne a firinta, an aika a kira Darakta.