Ranar da Cikina Ya Karɓi Aure

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ɗaurin auren ƙanena Sani a Karare.

Tun wata muguwar gudawa da na yi da damina, ina koyarwa a Safana, cikina ya zama mai ra'ayin kansa. Ciwo ya tafi, fitina ta zauna. Likita ya ce cutar ta hargitsa ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanjina (ashe 'yan haya gare ni ban sani ba), ya raba ni da nono, yaji da wake. A wannan tsadar, in ka cire wa malamin makaranta wake, me ka bar masa?

Ni aka naɗa wakilin ango. Muna sauka, kakar amarya ta taras da mu a zaure da ƙwaryar fura, kindirmo har yana kumfa.

"Sha, ɗana. Saniya guda ta rage muna, duk abin da ta ba da kai na aje ma."

Yaya zan ƙi, a ce dangin ango sun raina abin hannunsu? Na sha. (Har ludayin na suɗe, kada in ɗora wa kunya laifin duka.)

Aka zauna ƙofar masallaci. Aka miƙo mini makirufo, na jingine shi da tumbina. Waliyyin amarya ya ce ya bayar. Liman ya juyo gare ni.

"Wakilin ango, kun karɓa?"

Kafin in buɗe baki, cikina ya amsa. Wani dogon ƙugi kamar an tada injin niƙa, lasifika kuwa ta yi aikinta tsakani da Allah.

Wani dattijo ya gyara zama.

"To liman, ciki dai ya karɓa. Saura mai shi."

Sani ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Na so ƙasa ta tsage. Na ce "mun karɓa" da wata 'yar siririyar murya, ana shafa fatiha ina laluben buta.

Da za mu tafi, tsohuwa ta kama hannuna.

"Kai, ɗan nan! Da ka hwaɗi, ai kunu zan dama maka, in saida nonona."

Tun ranar na iya cewa "na gode, cikina ba ya so." Gara in ji kunyar tsohuwa ɗaya a zaure da in ji ta gari guda ta lasifika.